Shaidar Da Na Bayar Kwana Biyar Bayan Mutuwar 'Yata

A shekarun da ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, tun ana ce mata Dahome, ni matar aure ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, muna haya a unguwar Gema cikin garin Paraku. Daga wajen Maraɗi muka zo ni da maigidana. Shi direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar kaya a gar, inda jirgin ƙasa yake ƙarewa, ya hau da su arewa. Mu Kirista ne tun daga gida, kuma Kirista masu jin Hausa a Paraku a lokacin ba mu da yawa, majami'armu ta laka ko cika ba ta yi ranar Lahadi. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na iya karatu, ga baki. A zumuntar mata ni ce mai karanta Maganar Allah, ni ce mai ba da waƙa, in an yi rashi ni ce a gaba wajen ta'aziyya. Ba tambayar da ban san amsarta ba. In mace ta zo mini da damuwa, kafin ta rufe baki na ba ta aya uku, na ɗora mata addu'a, na sallame ta. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye muku ba. Yau da na tsufa nake rubuto wannan, ba don a tausaya mini ba. Akwai wata baiwar Allah da na cuta da wannan bakin nawa, labarinta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu a lokacin, mace, shekararta huɗu. Ƙyanda ta shigo unguwa a bazarar wata shekara, ta kwashe yara, tawa na ciki. Kwana tara ta yi tana fama. Mun kai ta wurin likita, an yi abin da za a iya, ranar Talata da hantsi ta cika a kan cinyata, ubanta yana kan hanya. Na zauna ina jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Na rufe mata ido, na gyara mata zane, na tashi na sauke tukunyar da ke kan wuta don kada ta ƙone. Da aka je binnewa, maigida ya iso, ya zube a bakin kabari yana rusa kuka har sai da maza biyu suka riƙe shi. Ni ina tsaye ina kallon wata tururuwa tana hawan takalmin fasto. Kun san yadda ƙafa take yi in an daɗe zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta ji. Haka cikina ya koma, ba zafi, ba sanyi.

Muna da wata al'ada a zumuntarmu. In 'yar'uwa ta yi rashi, mata sukan kawo tabarminsu gidanta, bibbiyu suna karɓa-karɓa har wata guda. Ba wa'azi suke zuwa yi ba, girki ne da shara da ɗiban ruwa da zama kurum. Mai tsara wannan wata tsohuwa ce da muke kira Inna, gwauruwa, mai sayar da ƙosai a bakin gar, wadda ta binne 'ya'yanta biyar da hannunta. Ba ta iya karatu ba, ni kuma a raina ina ɗan raina ta saboda haka, Allah ya gafarta mini. Ita ce ta fara kawo tabarma. Har matar mai gidan da muke haya, wata Hajiya 'yar Zongo, da ta shigo yi mini gaisuwa, ta dubi idona da kyau, ta ja Inna gefe ta ce mata yarinyar nan ba ta yi kuka ba, kada su kuskura su bar ta ita kaɗai. Na ji ta sarai. Abin da kawai ya zo mini a rai shi ne ina ruwanta.

Ranar Lahadi, kwana biyar da binnewa, na ce zan je sujada. Inna ta ce in bari tukuna, na ƙi. Bayan waƙa fasto ya tambaya, kamar kullum, ko akwai mai shaida. Ba wanda ya tilasta ni. Amma ni ce mai fara miƙewa kowane mako, sai na ga idanu sun juyo kaina, na ji ƙafafuna sun tashi da ni. Bakina ya kama faɗin abin da ya saba faɗa a gidajen makokin wasu. Na ce Ubangiji ya ba ni salama wadda ban taɓa jin irinta ba, ya share mini hawaye tun kafin su zubo, kuma ban da wata tambaya a gabansa. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Majami'a ta ɗauki amin, mata suna kuka, fasto ya ce bai taɓa ganin bangaskiya irin wannan ba. Ina tsaye na san ƙarya nake yi. Abin da ke cikina ba salama ba ce, wofi ne. Amma ban san sunan da zan ba shi ba, su kuma sun ba shi suna mai kyau, sai na karɓa. Da muka koma gida na ce wa matan su naɗe tabarminsu, su koma wurin iyalinsu, ni ban da bukata. Inna ta tsaya tana dubana, ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce mata ko ba ta ji shaidata ba ne. Ta naɗe tata ita ma.

Daga ranar na shiga ɗakin da na gina da kaina, na kulle. Sunana ya koma mai bangaskiya. Duk inda aka yi rashi ni ake tura wa, a zaunar da ni a gaban mai makoki a ce ta dube ni. In maimaita shaidar nan, har na haddace inda zan dakata a ce amin. A gida kuwa in na durƙusa addu'a, leɓe ne kawai ke motsi. Ba na cewa babu Allah, ba na kuma jin yana nan. In na buɗe Littafi in karanta wa mata, kalmomin suna wucewa ta bakina kamar ina karanta takardar wani. Abinci ba daɗi ba ɗaci. Kayan yarinyar na ƙulle su a zane na tura ƙarƙashin gado, ba wanda ya ƙara ambaton sunanta a gabana, don a ganinsu na riga na wuce wurin. Maigida shi ya fi shan wahala. Yakan dawo daga tafiya ya ga 'yar kujerarta, ido ya kawo ruwa, sai ya dube ni a bushe, ya ji kunya, ya fita. Wata rana ya ce mini shi dai bai kai ni ba, in riƙa yi masa addu'a. Na ce to. Daga nan ya fara karɓar tafiye-tafiye masu nisa, ya yi mako uku bai dawo ba, ni kuma ban damu ba. Shekara biyu muka yi a haka, kowace Alhamis ina zaune a tsakiyar 'yan'uwa mata goma sha, ba wadda ta san halin da nake ciki, domin ni na toshe musu hanya.

Sai saƙo ya zo daga Jugu. Akwai wata 'yar ƙaramar ikkilisiya a can, mai bisharar da ke kula da ita saurayi ne da bai daɗe da aure ba. Matarsa 'yar ƙabilar Yom ce daga wani ƙauye a wajen Kolokonde, ita kaɗai ce Kirista a gidansu, ta ji Hausa a kasuwa. Ɗansu na fari ya rasu yana wata takwas. Aka ce mako shida ke nan tana kuka, ta ƙi shiga majami'a, tana tambaya da ƙarfi a gaban mutane me ta yi wa Allah. Danginta kuma suna aiko mata cewa barin hanyar kakanni ne ya jawo, ta dawo gida a yi mata abin da ya kamata. Mijin ya rasa yadda zai yi, ya roƙi fastonmu a turo matar nan ta Paraku da ake ba da labari. Aka sa ni a gaban wata kamiyo mai zuwa Jugu. Duk tsawon hanyar nan ina kallon gonakin doya suna wucewa, ban shirya komai ba, don ba abin shiryawa. Maganar tana nan a bakina kamar kullum.

Na same ta a ɗaki, kai ba ɗankwali, ido ya kumbura. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi sha tara ba. Na yi mata shaidata daga farko har ƙarshe a gaban matan da suka taru, tana saurare kanta a ƙasa. Da na gama sai ta roƙi sauran su ba mu wuri. Ta tashi da kanta ta saki labulen ƙofa, ta dawo ta durƙusa a gabana, ta kama wuyan hannuna da ƙarfi. Yaya take kirana, kamar yayarta. Ta ce in gaya mata tsakanina da Allah, yanzu da ba kowa, ko da gaske ba abin da ke cina a ciki. Ta ce ko sau ɗaya ban taɓa jin haushin Allah ba, ban taɓa durƙusawa na ji kamar da bango nake magana ba? Ta ce in har na taɓa ji ko sau ɗaya, in faɗa mata, ita hakan ya ishe ta, za ta san ba ita kaɗai ba ce.

Jama'a, ƙofa ce aka buɗe mini, ni da ita duka. Na ji maganar gaskiya ta taso har maƙogwarona. Sai na tuna motar da ta kawo ni, da matan da ke jira a waje, da sunan da ake kirana da shi. Na ce mata a'a, ban taɓa ji ba. Ban ma tsaya nan ba, bakin nan nawa da ba ya iya tsayawa. Na ce irin wannan kuka ƙarancin bangaskiya ne, kuma tana kunyata mijinta a gaban waɗanda yake wa wa'azi. A hankali ta saki hannuna. Ta goge fuska da gefen zane, ta ɗaura ɗankwali, ta ce ta gode. Ta fita ta hura wuta ta dafa wa baƙi abinci. Washegari Lahadi ta shiga majami'a ta zauna a gaba, ido a bushe. Mijin ya riƙa yi mini godiya har bakin mota. Na koma Paraku an ƙara mini girma, shatin yatsunta yana wuyan hannuna har kwana biyu.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki labari ya iso mana, ranar Alhamis muna tsakiyar zumunta. Ta tattara kayanta ta koma ƙauyensu. Ba faɗa, ba hayaniya. Ta gaya wa mijinta cewa ta ga bangaskiya da idonta a wurin matar Paraku, ita kuwa ba a ba ta irinta ba, ta nema ta rasa, don haka ita ba ta cikin waɗanda Allah ya kira, ba amfanin ta ci gaba da yaudarar mutane. Mata suka hau salati irin namu, wannan ta ce Shaiɗan ya rinjaye ta, waccan ta ce dama ba ta kafu ba. Sai aka ce in tashi in yi addu'a dominta, tunda ni na san ta. Na miƙe, na rufe ido, na buɗe baki. Karon farko a rayuwata ba abin da ya fito. Na daɗe a tsaye har wata ta yi gyaran murya. Sannan na buɗe ido na gaya musu. Ba kuka, ba rawar murya, kamar ina faɗa musu abin da na dafa jiya. Na ce shaidar nan ƙarya ce tun ranar farko, shekara biyu ban yi addu'ar da ta wuce leɓena ba, yarinyar ta tambaye ni gaskiya na hana ta, ita ce mai gaskiya ni ce mai yaudara.

Ba zan ce duka sun rungume ni ba. Wata da na taɓa yi wa ta'aziyyar mijinta ta tashi a fusace, ta ce saboda ni ta haɗiye kukanta har ya zame mata ciwon ƙirji, ta fita ba ta ƙara yi mini magana ba sai bayan shekara. Tana da gaskiya. Inna ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, ita da ta binne biyar ta san ba uwar da ke warkewa a kwana biyar, ta sani tun ranar, amma ta ji nauyin ta ƙaryata mai karatu a gaban fasto. Ta ce su ma sun ji daɗin samun gwana a cikinsu, shi ya sa ba wadda ta bincika. Ta karɓe Littafin daga hannuna ta miƙa wa wata. Ta ce daga yau ba karatu, ba ba da waƙa, ba zuwa makokin kowa. In zauna a tsakaninsu kawai. In sun yi addu'a in ce amin, in kuma amin ɗin ta gagara, su za su faɗa a madadina.

Haka aka yi. Kuma kowace rana in ta tashi daga suyar ƙosai sai ta biyo gidana, ta sa ni dakan sakwara ko tsintar wake, tana ba ni labarin 'yata. Da sunanta take kiranta, sunan da na shekara biyu ban ji a bakin kowa ba. Yadda take zuwa ta tsaya a gaban kasko ta ce an aiko ta, alhali ba wanda ya aike ta. Yadda take rera waƙar sujada da ƙarfi a inda kowa ya yi shiru. Da fari ina jin ta kamar tana maganar 'yar maƙwabta. Wani lokaci in ji haushinta in ce mata ta bar ni, ta ce ba inda za ta, an taɓa korarta sau ɗaya ta tafi, ba za ta ƙara ba. Da maigida ya dawo, a gabanta na gaya masa, don ni kaɗai ba zan iya ba. Ya je ya jawo ƙullin kayan yarinyar daga ƙarƙashin gado ya kwance. Kukan bai zo ranar ba. Sai da aka yi watanni, kuma da ya zo ba wani abin ba da labari ba ne, ina wanke kwanoni ne kawai. Addu'a ta fi kuka jinkirin dawowa. Wadda na fara yi da gaske faɗa ce, na tambayi Allah abin da yarinyar Jugu ta tambaye shi, da irin muryar da ta tambaya.

Da aka fara cin sabuwar doya na ce wa Inna ina so in je in sami yarinyar a ƙauyensu. Muka hau mota zuwa Jugu, daga can wata ta sauke mu a Kolokonde, sauran muka taka da ƙafa. Mun tarar da ita a tsakar gidan ubanta tana feren doya. Ta gane ni, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Na durƙusa a gabanta yadda ta taɓa durƙusa mini, na gaya mata duka. Ba ta daina fere ba. Da na gama ta ce ai ranar ta saki labule, mu biyu ne kaɗai a ɗakin, wa nake tsoro? Ta ce ba ta riƙe ni a rai ba, wurin ya riga ya bushe. Inna ta roƙe ta ta dawo, ko ba don miji ba, ta zo ta zauna a cikinmu yadda nake zaune. Ta ce ta gode, amma an riga an yi mata abin da ake yi a gidansu, an kuma ba da ita ga wani. Ta zaɓo manyan doya huɗu ta ɗaura mana, ta raka mu har bakin hanya. Ban ƙara ganinta ba.

Abin da na koya, da tsada na koye shi, kuma ba ni na biya mafi yawa ba. Zumuntar masu bi ba wurin nuna ƙarfi ba ce. Allah ya ajiye mini magani a tsakar gidana, mata da tabarminsu, na kore su don ina so a ce na fi su. Lokacin da bangaskiyata ba ta iya tsayawa da ƙafarta, ta wata tsohuwa mai ƙosai ce ta ɗauke ni, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Yarinyar Jugu ba ta sami mai ɗaukarta ba, domin wadda aka aika mata ta je ne a yaba mata.

Don haka ina roƙon shugabannin ikkilisiya, in kun ga mai makoki ta miƙe da wuri tana shaidar salama, kada ku yi saurin tafa mata, kada kuma ku mai da ita abin auna wasu. Ku bar tabarminku a gidanta ko ta kore ku. Ke kuma 'yar'uwa da kike durƙusawa ba ki jin komai, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba a kore ki ba. Ki faɗa wa wani a cikin jama'arki, ko da muryarki a bushe take. In kuma wata rana wata ta riƙe hannunki ta tambaye ki ko ke ma kin taɓa ji, ki ce mata e. Ni na ce a'a, na dawo gida da sunana, ita kuma har yau kujerarta a majami'ar Jugu wasu ne ke zama a kai.